An canza wa SuperSport maigida, mu muna nan kan benci

Wata Lahadi da yamma, ana hutun rabin lokaci a wani gidan kallon ƙwallo da ke bayan layinmu a Kano, na jefa wata tambaya da ban zaci za ta tayar da musu ba. Mai gidan ya kashe fanka ɗaya don ya rage wa janareta nauyi, yara masu ruwan leda suna ratsawa tsakanin benci, ni kuwa na nuna tambarin da ke kusurwar talabijin na ce wa saurayin da ke gefena, "Ƙanena, wai wannan SuperSport ɗin ta waye?" Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ta Turawan Ingila ce mana, Yaya. Ba su ke da ƙwallon ba?" Wani daga baya ya ce a'a, ta Afirka ta Kudu ce. Nan da nan aka rabu gida biyu. Mai gidan kallon yana ƙirga canji a bakin ƙofa, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ko ta waye, ni dai abin da na sani shi ne ranar da kuɗin wata ke ƙarewa."

Mutum na biyu yana da gaskiya, amma gaskiyarsa ta tsufa. Tun watan Satumban 2025 kamfanin MultiChoice, wanda ke da DStv da GOtv da SuperSport, ya koma ƙarƙashin Canal+ na Faransa. An yi cinikin da ya fi kowanne girma a tarihin talabijin na Afirka, kuma galibin waɗanda kuɗinsu ya gina kamfanin ba su ma ji labari ba. Na daɗe ina tunanin amsar saurayin nan ta farko. Ya kuskure sunan mai tashar, sai dai ya dace da wani abu da ya fi sunan muhimmanci: mai tasha daban, mai ƙwallo daban. Duk wanda bai raba waɗannan biyun ba zai yi ta barin jaki yana dukan taiki duk lokacin da aka ƙara kuɗin kallo.

Asalin tashar ba shi da alaƙa da mu ko kaɗan. Afirka ta Kudu ba ta fara talabijin ba sai 1976, don gwamnatin wariyar launin fata tana tsoron abin da akwatin zai shigo da shi gidajen mutane. A lokacin Ibadan ta shekara goma sha bakwai da tasharta, Kaduna ma ta buɗe tata tun 1962. Da talabijin ɗin gwamnati ta SABC ta kankama, sai ta kwashe wa jaridu tallace-tallace. Kamfanonin jaridu suka koka, gwamnati ta ba su lasisin buɗe tasha ta biyan kuɗi, da sharaɗin ba za su karanta labarai ba. Haka aka haifi M-Net a 1986. Wani matashi mai suna Koos Bekker, wanda ya dawo daga karatu a Amurka ya ga yadda tashoshin biyan kuɗi ke aiki a can, shi ne ƙashin bayan shirin, kuma babban mai hannun jari shi ne kamfanin Nasionale Pers, wanda yanzu ake kira Naspers.

Shi wannan Naspers ɗin yana da tarihin da ba a cika faɗa wa masu kallo a wannan yanki ba. An kafa shi a 1915 don ya zama muryar Turawan Afrikana, kuma editan farko na jaridarsa Die Burger shi ne D.F. Malan, mutumin da ya zama firaminista a 1948 ya mayar da wariyar launin fata dokar ƙasa. Sai a 2015, shekara ɗari cif da kafuwa, reshen jaridun kamfanin ya fito ya nemi afuwa kan rawar da ya taka. Ban kawo wannan don in tono tsohon ciwo ba. Na kawo shi ne saboda masu kukan cewa "tashar Afirka" ta faɗa hannun Turawa. Ta kasance kamfanin Afirka ta fuskar adireshi da haraji da ma'aikata, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba a taɓa kafa ta don a yi wa Bahaushe ko Bayarabe hidima ba. Kasuwa ce tun ranar farko.

Tunda an hana M-Net labarai, abin da ya rage mata na jan mutane shi ne fina-finai da wasanni. A 1988 aka ware wasu sa'o'i na wasanni aka sa musu suna SuperSport. A 1995, shekarar da Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncin gasar zari-ruga ta duniya ta kuma cinye, aka mayar da ita tasha mai zaman kanta, aka kuma ƙaddamar da DStv ta tauraron ɗan'adam. Tauraro bai san iyakar ƙasa ba. Siginar da ke sauka a Pretoria, da ɗan ƙarin kashe kuɗi, tana iya sauka a Nairobi da Legas da Sakkwato. Dama kamfanin ya riga ya buɗe reshe a Najeriya tun 1993. Wasannin da aka gina tashar a kansu, zari-ruga da kurket, na Turawan can ne. Abin da ya buɗe mata sauran nahiyar kuwa shi ne gasar Firimiya ta Ingila, wadda aka kafa a 1992, aka kuma yi sa'a a shekarun da suka biyo baya Nwankwo Kanu ya koma Arsenal, Okocha ya je Bolton, daga baya Mikel da Drogba da Essien suka haɗu a Chelsea. Gidajen kallo suka tsiro a kowace unguwa kamar ciyawar damina. Wanda ya kai shekara talatin da biyar a Kano ko Jos ko Kaduna zai iya tuna lokacin da hira a majalisa ta tashi daga Pillars da Ranchers ta koma Man U da Arsenal.

Yanzu ga yadda sana'ar take. SuperSport ba ta mallaki ko minti ɗaya na Firimiya ba. Haya take yi. Duk bayan shekara uku ko huɗu, masu gasar a Landan suna fitar da haƙƙin nuna wasa kasuwa, yanki-yanki, wanda ya fi taya kuɗi ya ɗauka. Haka UEFA take yi da gasar Zakarun Turai, haka Sifaniya take yi da La Liga. Ana biya da dala ko fam ko yuro. Ita kuma tashar ta juyo ta sayar mana da naira da sidi da shilin da kwaca. Ke nan dillali ne da ke saro kaya da kuɗin da ke hawa, ya sayar da kuɗin da ke sauka. A tsakiyar 2023, kafin gwamnati ta saki naira, ana canza dala a hukumance kan naira ɗari huɗu da sittin da wani abu. Cikin 2024 ta haura 1,500. Kwangilar da aka sa wa hannu da Landan ba ta ragu da ko sisi ba don naira ta faɗi.

Sakamakon kowa ya gani a aljihunsa. A watan Maris na 2025 kuɗin wata na tsarin Compact na DStv ya tashi daga naira 15,700 zuwa 19,000, na Premium daga 37,000 zuwa 44,500, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ja daga, aka je kotu, 'yan majalisa suka yi ta kumfar baki. A Ghana ma ministan sadarwa Sam George ya yi barazanar dakatar da lasisin kamfanin kan batun farashi a wannan shekarar. Su kuma masu kallo suka yanke hukuncinsu ba tare da zaman kotu ba: alƙaluman kamfanin da kansa sun nuna ya rasa masu biya miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris 2025. Wasu sun koma waya suna neman wasan a shafukan da ba su da izini, wasu sun koma rediyo, wasu sun koma benci.

Ba na wanke kamfanin. Wanda ya daɗe shi kaɗai a kasuwa yana koyon girman kai, kuma tsarin da ke tilasta wa mai son wasa biyu a mako ya sayi tarin tashoshin da ba ya kallo tsari ne da aka zaɓa da gangan, ba ƙaddara ba ce. Ƙwallo ce ƙugiyar, sauran tashoshin kayan da aka rataya mata ne. Amma masu cewa maganin shi ne ɗan ƙasa ya karɓi harkar, ina roƙonsu su tuna HiTV.

A 2007 wani lauya ɗan Najeriya, Toyin Subair, ya buɗe HiTV, ya yi abin da ba a zata ba: ya ƙwace yawancin wasannin Firimiya na kasuwar Najeriya daga hannun SuperSport. Na tuna murnar da aka yi. Masu gidajen kallo suka ruga suka sayi sabuwar dikoda, wasu suka haɗa biyu a kan teburi ɗaya. Da wa'adin ya ƙare a 2010, farashin haƙƙin ya ninka saboda yanzu masu taya biyu ne, HiTV ta kasa kawo lamunin banki a kan lokaci, wasannin suka koma inda suka fito, zuwa 2011 kamfanin ya rufe. A wasu ƙasashen Afirka GTV ta yi irin wannan yunƙurin a 2007, ta durƙushe a Janairun 2009 ana tsakiyar kakar wasa, ta bar mutane da farantin satalayit a rufin ɗaki ba hoto. Attajirin Zimbabwe Strive Masiyiwa ya zo da Kwesé, da kuɗinsa da sunansa, shi ma a 2019 ya naɗe tabarma. Wa ya ci ribar duk wannan kokawar? Kulob-kulob ɗin Ingila. Duk sabon mai taya yana ɗaga farashi, ya mutu, ya bar wa wanda ya tsira farashin, shi kuma ya ɗora wa mai benci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya kai a zagayen 2022 zuwa 2025 kuɗin da Firimiya ta samu daga ƙasashen waje ya zarce wanda ta samu daga cikin Birtaniya, kuma a cikin wannan kuɗin akwai canjin da na ga mai gidan kallon nan yana ƙirgawa.

Naspers ya hango inda aka dosa tun da wuri. A 2001 ya zuba dala miliyan 32 a wani ƙaramin kamfanin China mai suna Tencent, jarin da ya zama ɗaya daga cikin mafiya riba da aka taɓa yi a duniya. Da arzikin intanet ya zo, talabijin ta zama ƙaramar sana'a a gidan. A Fabrairun 2019 Naspers ya yaye MultiChoice, ya raba wa masu hannun jarinsa, aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Johannesburg ya tsaya da ƙafarsa. Kamfanin da ba shi da babban uba a bayansa kuwa, kowa na iya saye a hankali. Canal+ ya fara tsintar hannun jari a 2020. Zuwa farkon 2024 ya haura kashi 35 cikin 100, matakin da dokar can ta tilasta masa ya taya sauran. Ya fara da rand 105, kuɗin Afirka ta Kudu, kan kowane hannun jari aka ce albarka, ya ƙara zuwa 125 aka sallama. Kotun kula da gasar kasuwanci ta Afirka ta Kudu ta amince a Yulin 2025, kafin ƙarshen shekarar ya mallaki fiye da kashi 90.

'Yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram ba sa buƙatar a gabatar musu da sabon maigidan. Canal+ suke kallo tun da daɗewa, shi ke nuna musu Firimiya da gasar Zakarun Turai da Faransanci. An kafa shi a 1984, ya taɓa mallakar kulob ɗin PSG daga 1991 zuwa 2006, ya sayi kamfanin fina-finai na ROK a Legas a 2019. A Disamban 2024 aka cire shi daga jikin uwar kamfaninsa, Vivendi, aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Landan, amma kusan kashi ɗaya bisa uku na hannun jarinsa yana wurin iyalan attajirin Faransa Vincent Bolloré. Wannan suna ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Shekara da shekaru kamfanin Bolloré ke riƙe da tashoshin jiragen ruwa daga Abijan zuwa Lome zuwa Tin Can a Legas, kafin ya sayar da wannan reshen ga kamfanin jiragen ruwa na MSC a 2022 kan yuro biliyan 5.7. Kamfanin Bolloré ɗin ne kuma ya shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, wanda aka yi bikin buɗewa a 2016, har yau ba a ga jirgin fasinja yana zirga-zirga a kai ba. Mutumin da ya bar tashar jirgin ruwa ya kama tashar talabijin bai canza sana'a ba sosai. Duka biyun ƙofa ce, a tsaya a bakinta a karɓi kuɗin shiga. Abin dariyar kuma shi ne, a daidai shekarun da Nijar ta kori sojojin Faransa, jarin Faransa ya tsallako ya karɓi falon Najeriya da Ghana da Kenya ba tare da harba ko harsashi ɗaya ba.

Duk da haka, damuwata da cinikin ba fasfon mai saye ba ne. Kafin yanzu manyan masu sayen haƙƙin wasanni a kudu da Sahara biyu ne, ɗaya na ƙasashen Ingilishi, ɗaya na ƙasashen Faransanci, kuma ko ba su taka wa juna sawu ba, akwai yiwuwar wata rana su yi. Yanzu sun zama gida ɗaya mai masu biya wajen miliyan 40 a ƙasashe kusan 70. Masu goyon bayan haɗewar suna cewa babban mai saye zai fi iya murɗe hannun Landan ya samo rangwame, kuma zai fi iya tsayawa gaban Netflix da Amazon da YouTube. Hujjar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Tambayar ita ce, idan an samo rangwamen, me zai sa a miƙo mana shi? Kamfanin da ya kashe maƙudan kuɗi ya yi saye yana da masu hannun jari da ke jiran a mayar musu. Abin da ke sa ɗan kasuwa ya sauke farashi shi ne tsoron maƙwabcinsa, ko tsoron masu saye su watse. StarTimes ta China, wadda ta shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010, tana nan amma ba ta da Firimiya. New World TV ta Togo ta ba da mamaki da ta karɓi haƙƙin gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa, har SuperSport ta sanar a Janairun 2024 cewa ba za ta nuna gasar ba, sai da aka daidaita ana saura kwanaki. Wannan ya nuna ana iya taɓa giwar. Bai nuna ana iya kayar da ita ba.

Ga inda nake ganin mun yi asarar da ta fi ta kuɗin wata. A 2007 SuperSport ta karɓe haƙƙin nuna gasar ƙwallon Afirka ta Kudu, PSL, daga hannun SABC kan rand biliyan 1.6 na shekara biyar. An yi ta surutu a can, ana cewa an ƙwace wa talaka ƙwallonsa. Amma kuɗin ya shiga gasar. Kowane kulob yana karɓar kasonsa duk wata, ana biyan 'yan wasa, ana ɗaukar wasa da kyamarori masu yawa, ana buga shi a lokacin da aka sanar. Yau Mamelodi Sundowns tana cikin manyan kulob na nahiyar, ta ci kofin Zakarun Afirka a 2016, kuma wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates yana cika filin da ke ɗaukar mutum wajen 90,000. Tashar ma da kanta ta riƙe kulob, SuperSport United, wanda ya ci gasar sau uku a jere daga 2008 zuwa 2010, kafin a sayar da shi a 2025. Wato a gida, tashar ba dillali kawai ba ce. Ta zuba kuɗi a gonar da take girba.

A Najeriya an gwada. A 2013 aka sanar da yarjejeniyar dala miliyan 34 tsakanin SuperSport da masu gudanar da gasarmu. Waɗannan su ne shekarun da Kano Pillars ta ci kofi uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma wanda ya kalli filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a talabijin a lokacin, cike maƙil ana "Sai Masu Gida", ya san akwai hajar sayarwa. A 2017 tashar ta janye, kamar yadda ta janye daga gasar Kenya a shekarar. Kowane ɓangare yana da nasa bayanin. Ni abin da na gani da idona a matsayin ɗan kallo ya ishe ni: wasan da ake ɗagawa ana gobe, filin da ciyawarsa ta zama fako, alƙalin wasan da ke fita da rakiyar 'yan sanda, kulob ɗin da ba a cin sa a gida ko da me za a zo. Yawancin kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, Pillars da Katsina United da El-Kanemi da Wikki duk haka suke, ana naɗa shugabanninsu kamar yadda ake naɗa masu ba gwamna shawara, ana sauke su idan gwamnati ta sauya. Wane ɗan kasuwa ne zai sa hannu a kwangilar shekara biyar da wanda bai san ko zai kai baɗi a kujera ba? A nan laifin ba na Johannesburg ba ne, ba kuma na Paris ba.

Akwai darasi daga Amurka, inda kusan kowane babban birni yake da tashar wasanninsa. A 2019 kamfanin Sinclair ya sayi tashoshi 21 na irin wannan kan dala biliyan 9.6, yawanci da bashi. Su ma haya suke yi, suna biyan kulob-kulob kuɗin haƙƙi suna karɓa daga masu kallo. Da mutane suka fara yanke wayar kebul suna komawa intanet, kuɗin shiga ya ragu, kuɗin haya bai ragu ba, a Maris 2023 reshen ya shiga kotun fatara. A gefe guda kuma akwai tashar wasanni ta NESN da ke birnin Boston, wadda aka buɗe a 1984. Kashi 80 nata na Fenway Sports Group ne, masu Red Sox, kulob ɗin wasan baseball na birnin, waɗanda kuma su ne suka sayi Liverpool a 2010. Ita ma tana jin jiki da canjin zamani, amma ba wanda zai zo ya taya wasan Red Sox ya ƙwace mata, don mai tashar shi ne mai ƙwallon. Magoya bayan Liverpool na Fagge da Tudun Wada su lura: masu kulob ɗinku sun san bambancin mai gida da ɗan haya tun kafin ku fara goyon bayansu.

Wani abu kuma da ya kamata iyaye su sani game da mallakar tashar. Da kuɗin wata ya fara gazawa, kamfanin ya nemi wata hanyar samun kuɗi daga mai kallo ɗaya. A 2020 MultiChoice ya sayi kashi 20 na kamfanin caca na BetKing, a 2021 ya kai shi kashi 49. Tallan cacar da ke fitowa kafin wasa da lokacin hutu ba baƙo ba ne da ya biya kuɗin talla kawai, ɗan gida ne. A jihar da Hisbah ke rufe shagunan caca, wannan tallan yana shiga kowane gidan kallo ba sallama, kuma cacar ta koma cikin waya inda ba shagon da za a rufe. Ban ji ana tattauna wannan ba a duk hayaniyar da ake yi kan farashi.

Abin da ya fi burge ni a cinikin Canal+ shi ne yadda Afirka ta Kudu ta yi nata cinikin a cikinsa. Dokarsu ta hana baƙo riƙe fiye da kashi 20 na ƙuri'a a kamfanin da ke da lasisin watsa shirye-shirye, don haka dole aka ware lasisin a wani kamfani daban da 'yan ƙasa ke da rinjaye a ciki. Sun sa sharaɗin ba za a kori ma'aikata ba har shekara uku, da sharaɗin ci gaba da kashe kuɗi a shirye-shirye da wasannin cikin gida. Ba su hana saye ba, ba su kuma yi ta ihu a majalisa ba. Sun zauna sun rubuta abin da suke so.

Najeriya ce babbar kasuwar kamfanin a wajen Afirka ta Kudu, kuma lasisinsa a nan a hannun NBC yake, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin. A 2020 hukumar ta gyara dokarta don hana tasha ɗaya riƙe haƙƙin wasa ita kaɗai, amma har yau Firimiya tana inda take. Ni da za a tambaye ni, da na ce a daina ɓata ƙarfi wajen ƙayyade farashin kayan da ba mu muke ƙerawa ba. A nemi abu biyu da za a iya aunawa. A ware wani kaso na abin da duk tashar biyan kuɗi ta kashe wajen sayen wasannin waje, a zuba shi wajen ɗauka da nuna gasar gida, ta maza da ta mata. Sannan a fitar da tsarin ƙwallo zalla, mai rahusa, da lasisi na musamman ga gidajen kallo, waɗanda su ne ainihin filin wasan talaka kuma suke ciyar da dubban iyalai. Amma sharaɗin farko ba zai yi aiki ba sai gwamnoni sun saki kulob ɗin nan, ko aƙalla sun bar su a hannun hukumomin da ba sa faɗuwa da faɗuwar zaɓe, kuma sai an buga wasa ranar da aka ce za a buga. Ba kyamarar da za ta iya gyara wasan da ba a yi ba.

Da aka tashi daga wasan ranar, na tsaya a bakin ƙofa ina duba allon da mai gidan ke rubuta jadawali da alli. Wasa bakwai ne a kai, huɗu na Ingila, biyu na Sifaniya, ɗaya na Italiya, kowanne da lokacinsa. A wannan yammacin Pillars ma tana da wasa a waje. Na ce masa, "Alhaji, ina na Masu Gida?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, a wace tashar?" Sai ya juya ya tambayi yaronsa ko ya ji yadda aka tashi. Yaron ya ciro waya ya fara dubawa a Facebook.